Shin Ko Kun San? Tabarau da Takardar Mallakar Ƙirƙira

Tabarau ɗin da ke kan hancin tela ko malamin makaranta akwai lissafi mai zurfi a bayansa, akwai kuma doka. Wanda ya gano sabuwar hanyar tsara shi yakan nemi takardar mallakar ƙirƙira, kuma ƙarfin takardar yana ga fitowar bayaninta fili.

Shin ko kun san tabarau ya girmi dokar mallakar ƙirƙira da kusan shekara 190? An fara yin sa a Italiya wajen 1286. A 1306 wani mai wa'azi, Giordano da Pisa, ya shaida wa jama'a a birnin Florence cewa ba a cika shekara 20 da gano wannan sana'a ba. Sai a 1474 birnin Venice ya kafa dokar da ke ba mai ƙirƙira kariya ta shekara 10.

Shin ko kun san Benjamin Franklin na Amurka, wanda ake danganta wa tabarau mai hawa biyu, sama na hangen nesa, ƙasa na karatu, bai taɓa neman takardar mallaka a kan abin da ya ƙirƙira ba? A ganinsa, tunda muna cin moriyar basirar wasu, ya kamata wasu su ci moriyar tamu kyauta.

Shin ko kun san zuciyar takardar 'yan layuka ne da ake jerawa da lamba, waɗanda ake kira da'awa? Bayani da zane suna iya cin shafuka da yawa, amma da'awar ce ke faɗin abin da mai ƙirƙira ya mallaka, kuma kowace ɗaya a jimla guda ake rubuta ta, komai tsawonta. Tamkar iyakar gona ce: in an kafa ta sosai, maƙwabci ya san inda garmarsa za ta tsaya; in an bar ta a dagule, rigima ce ke jiran kowa.

Shin ko kun san doka ce ta wajabta wannan fitowa fili? Tun 1870 dokar Amurka ta ce dole mai nema ya nuna takamaiman abin da yake da'awa a kai. A Turai kuwa, sashe na 84 na yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Munich a 1973 ya ce da'awa ta zama bayyananniya, taƙaitacciya, kuma bayanin da ke cikin takardar ya goyi bayanta.

Shin ko kun san gilashin da ƙarfinsa ke sauyawa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa, ba tare da layi a tsakiya ba, ya daɗe a takarda kafin ya hau fuskar mutane? Owen Aves na Ingila ya sami takarda a kansa a 1907, amma gilashin bai shiga kasuwa ba. Bernard Maitenaz na Faransa ne ya nemi tasa a 1953, aka fito da gilashin da sunan Varilux a 1959.

Shin ko kun san irin wannan gilashi ba ya rabuwa da ɗan dishi-dishi a gefensa? A 1963 masanin lissafi Minkwitz na Jamus ya nuna cewa gwargwadon saurin sauyawar ƙarfin gilashin a tsakiya, gwargwadon yadda dishin ke ƙaruwa a gefe. Mai tsarawa ba ya iya kawar da shi gaba ɗaya, sai dai ya tura shi inda ba zai dami ido ba. In ya faɗaɗa wurin karatu, wani wurin ya matse. Shi ya sa cewa "na gano tsari mafi kyau" ba ta wadatar. Mai binciken takarda zai tambaya: mafi kyau ga wa, a wane aiki, da wane ma'auni?

Shin ko kun san amsar tana cikin awon da mai haɗa tabarau ke yi a gabanku? Yana ɗora ɗan ma'auni a kan hancinku, ya ce ku kalli gaba, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunku, wadda ga manya takan kai wajen milimita 63. Yana duba nisan ido da gilashi, wajen milimita 12 zuwa 14, da yadda firam ɗin ya karkata zuwa kunci. Da'awa mai inganci takan faɗi waɗanne awo ake ɗauka, me kwamfuta ke lissafawa da su, wane aibi ake ragewa, kuma zuwa wane mataki. Wadda ta tsaya ga "firam mara nauyi mai daɗin sawa" ta faɗi burinta ne kawai, ta ɓoye hanyar, kuma ofishin ba da takardun mallaka na Turai yakan ƙi irin wannan.

Shin ko kun san an taɓa rasa takarda saboda dogaro da kyan gani? A 2005, a shari'ar Datamize da Plumtree, kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta soke da'awar wata manhaja da ta ce fuskar allo ta zama mai kyan gani, domin kyau ra'ayi ne, kowa da nasa. Wannan darasi ne babba ga masu manhajar zaɓa wa mutum firam ɗin da ya "dace da fuskarsa".

Shin ko kun san a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta ƙara tsaurara ma'aunin fitowar da'awa fili? A shari'ar Nautilus da Biosig, kan na'urar auna bugun zuciya a injin motsa jiki, alƙalan gaba ɗaya sun yarda cewa dole gwanin fannin da ya karanta da'awa ya gane iyakarta da tabbaci mai gamsarwa.

Shin ko kun san kariyar siffa daban, ta aiki daban? Siffar firam zane ne ke kare ta, a Amurka na shekara 15. Hanyar lissafin gilashi kuwa kalmomi ne ke kare ta, na shekara 20 daga ranar shigar da buƙata.

Shin ko kun san a Najeriya, ƙarƙashin dokar 1970, magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya tantance ko ƙirƙirar sabuwa ce? Sai an je kotu ake gwada ƙarfin da'awa. Nijar, Chadi da Kamaru kuwa suna ƙarƙashin OAPI, ƙungiyar kare haƙƙin ƙirƙira mai hedikwata a Yawunde, inda takarda guda ke aiki a ƙasashe 17.

Al'umma tana ba mai ƙirƙira shekara 20 ne domin ya bayyana sirrin aikinsa yadda wani zai iya maimaitawa. Matashin da ya gano sabuwar dabara ya rubuta ta da lamba da mataki, yadda gwani zai bi ya fitar da gilashi iri ɗaya. Da haka zai tsare haƙƙinsa yau, gobe kuma wasu su ɗora a kai, tabarau mai kyau ya isa ga mai ƙaramin ƙarfi.