Tsohon Yashi a Sabon Akwatin Kifin Teku: A Yi Amfani da Shi Ko a Zubar?

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Suna kuma cewa araha ba ta ado. Duk mai kiwon kifin teku a cikin akwatin gilashi, wata rana sai ya tsinci kansa tsakanin waɗannan karin magana biyu. Wannan rana kuwa ita ce ranar da zai sauya akwati, ko ya ƙaura zuwa wani gida, ko kuma wani ya ba shi tsohon akwati da yashinsa kyauta. Ga yashi nan bokiti guda, kuɗi aka sa aka saye shi, ya kuma yi shekaru kifaye suna zaune lafiya a kansa. Shin zai juye shi cikin sabon akwati ne, ko kuwa ya zubar? Amsar ba ta da wuya ga wanda ya san abin da ke faruwa a cikin yashin. Wanda bai sani ba kuwa, yana iya wayar gari ya tarar kifayensa duka sun mutu.

Mene ne akwatin kifin teku?

Akwati ne na gilashi da ake cika shi da ruwan gishiri, a zuba kifaye da sauran halittun teku, kamar murjani da jatan lande da ƙaguwa da dodon koɗi. Al'adar ta daɗe. A shekarar 1846 wata Baturiya mai suna Anna Thynne ta ɗauko murjani daga bakin teku ta kai gidanta a birnin Landan, inda ake riƙa juya ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan domin iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko ga jama'a a gidan namun daji na Landan.

Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Ke nan akwati mai tsawon santimita 100, faɗi 40, tsayi 50, wanda ke cin lita 200, yana bukatar gishiri kusan kilo 7. Gishirin miya ba ya yin wannan aiki, domin ruwan teku yana da wasu sinadarai da yawa bayan shi, irin su kalsiyam da magnisiyam. Akwai gishiri na musamman da ake haɗawa don haka. Ana kuma riƙe ɗumin ruwan tsakanin digiri 24 zuwa 26 a ma'aunin Salsiyas.

Yashin da ake shimfiɗawa a ƙasan akwatin ya bambanta da yashin rafi da muke gini da shi. Fari ne, ana kiransa aragonait, kuma sinadarinsa ɗaya ne da na ɓawon ƙwai da na koɗi. In ka ɗiga masa ruwan lemun tsami za ka ga yana kumfa, alhali yashin rafi ko motsi ba ya yi. Akwatin da muka ambata, in za a shimfiɗa masa yashi mai kaurin santimita 3, zai ci lita 12, wato wajen kilo 17 zuwa 18. Ga wanda ke zaune nesa da teku, wannan kuɗi ne mai yawa. Shi ya sa zubar da tsohon yashi yake da ciwo.

Amfanin da ke cikin tsohon yashi

Kifi yana fitar da wani guba mai suna amoniya ta wurin da yake numfashi. Kashinsa da ragowar abinci ma in sun ruɓe, amoniya suke fitarwa. A teku wannan ba matsala ba ce, saboda yawan ruwa. Amma a cikin akwati guban ba shi da wurin zuwa, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi.

Abin da ke ceton kifin shi ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wato bakteriya. Rukuni na farko suna cin amoniya su mai da ita naitirait. Rukuni na biyu suna cin naitirait su mai da shi naitiret, wanda cutarwarsa ba ta kai ta amoniya ba, ana kuma rage shi ta hanyar sauya wani ɓangare na ruwan lokaci lokaci. Wani masani ɗan ƙasar Rasha, Sergei Winogradsky, shi ne ya gano waɗannan bakteriya wajen shekarar 1890. Ɗaliban da suka karanta zagayen naitirojin a darasin nazarin halittu za su gane cewa shi ne dai wannan, sai dai a nan yana gudana ne a cikin akwati.

Waɗannan bakteriya ba sa son yawo cikin ruwa. Mannewa suke yi a jikin duwatsu da ƙwayoyin yashi. A sabon akwati mai sabon yashi, sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawan da za su iya aikin. Tsohon yashi kuwa yana cike da su, tare da ƙananan tsutsotsi da wasu 'yan mitsi-mitsin halittu masu cinye datti. Shi ya sa masu wannan kiwo suke kiransa yashi mai rai. Ashe ke nan mai son ya riƙe tsohon yashinsa yana da hujja.

Haɗarin da ke ƙarƙashi

To, sai dai yashi hawa-hawa ne. Iskar oksijin da ke cikin ruwa ba ta ratsa shi sai santimita ɗaya ko biyu na sama. A nan ne bakteriya masu cin amoniya suke, domin ba sa rayuwa sai da iska. Ƙasa da nan kaɗan, inda iska ta yi ƙaranci, akwai wasu bakteriya masu mai da naitiret iskar naitirojin ta fice daga ruwan. Wannan ma alheri ne, kuma saboda shi ne wasu suke shimfiɗa yashi mai zurfin santimita 10 zuwa 15. Amma can ƙasa, inda babu iska sam, labari ya sha bamban. Akwai abubuwa huɗu da ya kamata a ji tsoro.

Na farko shi ne iska mai guba. Ruwan teku yana da sinadarin farar wuta mai yawa a narke, wanda ake kira salfet. Inda babu oksijin, wasu bakteriya suna mai da shi iskar haidirojin salfaid, mai warin baragurbi. In wannan iska ta haɗu da ƙarfen da ke cikin yashi sai wurin ya yi baƙi. Duk wanda ya taɓa tona baƙin taɓon da ke ƙasan kududdufi ko lambatu ya san wannan wari, domin aikin iri ɗaya ne. Muddin ba a taɓa yashin ba, iskar tana tasowa a hankali, kuma oksijin da ke hawan sama yana karya gubanta kafin ta kai ga kifi. Amma in aka kwashe yashin aka juye shi, sai ta fita gaba ɗaya. Tana hana jikin kifi amfani da oksijin, tana kuma iya kashe shi cikin ɗan lokaci.

Na biyu shi ne datti. Shekara da shekaru kashin kifi da ragowar abinci suna nutsewa tsakanin ƙwayoyin yashi. Da an motsa shi sai ruwa ya yi duhu kamar kunu. Haka kuma tsutsotsi da bakteriyar da suke sama, in aka binne su a ƙasa lokacin juyewa, mutuwa suke yi su ruɓe. Sai amoniya ta hau a daidai lokacin da masu cinye ta suka ragu.

Na uku shi ne abin da yashin ya sha. Aragonait yana kama sinadarin fosfet da ke fitowa daga abincin kifi, ya riƙe shi. In aka kai shi cikin sabon ruwa mai tsabta sai ya riƙa sakinsa a hankali. Fosfet kuwa taki ne, irin wanda manomi ke zuba wa masara. Sai gansakuka ta mamaye gilashi da duwatsu har tsawon watanni. Haka nan yashin yana kama jan ƙarfe, wanda ake sawa cikin wasu magungunan kifi. Jan ƙarfe yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi ko da kaɗan ne, kuma wanki ba ya fitar da shi duka.

Na huɗu shi ne cuta. Akwai wata cuta mai sa fararen ɗigo-ɗigo a jikin kifin teku kamar an yayyafa masa gishiri. Ƙwayar cutar takan bar jikin kifi ta sauka kan yashi ko dutse, ta lulluɓe kanta, ta hayayyafa a ciki, sannan 'ya'yanta su fito neman wani kifi. An samu waɗanda suka kai kwana 72 kafin su fito. Don haka yashin da ya fito daga akwatin da aka yi wannan cuta yana iya kai ta sabon gida.

Yadda za a yanke shawara

Kafin ka taɓa yashin, ka tambayi kanka tambayoyi huɗu. Shekararsa nawa? Zurfinsa nawa? Me ya taɓa faruwa a akwatin? Wane irin wari yake yi?

In yashin bai daɗe ba, ba shi da zurfi, ana kuma tsotse dattinsa a kai a kai, to ana iya sake amfani da shi. In ya yi shekaru a jibge ba a taɓa shi, ko ka ga baƙi-baƙi ta jikin gilashi, ko ka ji warin baragurbi, to kada ka zuba shi yadda yake. In an taɓa sa maganin jan ƙarfe, zubar da shi ya fi. In kuwa kyauta aka ba ka kuma ba ka san tarihinsa ba, ka ɗauke shi a matsayin wanda ke da dukan waɗannan matsaloli. Lafiyayyen yashi ƙamshin bakin teku yake yi, babu ɗoyi.

Hanyar da ta fi dacewa

1. Ka fara kwashe kifaye da duwatsu da sauran halittu zuwa wani mazubi mai tsabta, da ruwansu na dā, tare da famfon iska. Ka ɗebi ruwan da za ka adana tun kafin ka motsa yashi.

2. In akwatin lafiyayye ne, ka ɗebi kofi biyu ko uku daga saman yashin, kada ka wuce zurfin santimita 2. Ka ɗauraye shi a hankali da tsohon ruwan gishirin, ka bar shi a cikin ruwan da iska ke shiga. Wannan shi ne irinka. Kada ka bar shi ya kwana a rufe cikin bokiti, domin halittun cikinsa za su shaƙe su mutu.

3. Sauran yashin ka wanke shi kaɗan-kaɗan a bokiti, kamar yadda ake wanke gero, kana zuba ruwa kana tsiyayewa, har ruwan ya fito garau. Ka yi wannan a waje inda iska ke kaɗawa, saboda warin yana cutar da mutum ma. Kada ka sa sabulu ko omo. Ɗaurayar ƙarshe ka yi ta da ruwan da babu kulorin a ciki.

4. Ka shanya shi a rana kan tabarma mai tsabta har ya bushe ƙarau. Bushewa tana kashe ƙwayoyin cutar fararen ɗigo. Ka sani cewa ruwan daɗi da rana sun kashe bakteriya masu amfani su ma, saboda haka wannan yashi yanzu ba shi da rai.

5. Ka shimfiɗa wankakken yashin da kaurin santimita 2 zuwa 5, ka zuba sabon ruwan gishiri, ka kunna famfo. In ruwa ya kwanta, sai ka barbaɗa irin nan da ka adana a sama. Kada ka binne shi.

6. Ka jefa ɗan ƙaramin yanki na ɗanyen jatan lande ko ɗan abincin kifi domin bakteriya su sami abin ci. Ka riƙa auna ruwan da kayan gwaji bayan kowane kwana biyu. Za ka ga amoniya ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka, sannan naitiret ya bayyana. Sai amoniya da naitirait sun koma sifiri za ka sa kifi, ɗaya ko biyu da farko, sauran su biyo baya bayan makonni.

Wani gargaɗi kuma: kada ka ɗaga akwatin gilashi da jiƙaƙƙen yashi a ciki. Nauyinsa yana iya tsaga gilashin ko ya buɗe mahaɗarsa.

Kammalawa

Mafi yawan kifayen teku da ake sayarwa don ado daga teku ake kamo su, musamman a ƙasashen Indonesiya da Filifin. Kowane ɗayansu ya yi doguwar tafiya kafin ya iso hannun mai shi, kuma kuɗinsa sau da yawa ya fi na buhun yashi. Wanda ya ɗauki halitta ya sa ta a akwati, shi ne ya zama tekunta, domin ba ta da wani wurin gudu. Saboda haka bai kamata a yi cacar ranta don a tsirar da kuɗin yashi ba.

Mun ga dai cewa amfanin tsohon yashi yana saman santimita biyu, haɗarinsa kuma yana ƙasa. Ka ɗebi kaɗan daga sama, ka wanke sauran ko ka zubar, ka kuma jira sai kayan gwaji sun nuna maka ruwa ya yi kyau. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.