Makamin Ƙare-Dangi: A Fara da Bincike

Wanda ya saba ganin hazon hunturu ya lulluɓe duwatsun Garu a Dutse, har ya kwanta a kan tiren masu tallan dabino, ya san iskar Sahara ba ta tsayawa a bakin iyaka. Tsoron abin da iskar za ta kwaso na cikin abin da ya tayar da hankalin Najeriya sa'ad da Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, a 1960. A Janairun 1961, bayan gwaji na uku, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragenta sauka a ƙasar. Ba ta harba ko harsashi ɗaya ba, amma duniya ta ji.

To, yaya za a yi da ƙasar da ake zargin tana neman makamin a ɓoye? A ganina, a fara da aika masu bincike, a kuma saurare su. Maƙwabtanmu na Nijar sun ga illar gaggawa. A Janairun 2003 Shugaba Bush na Amurka ya ce Iraƙi ta nemi yuraniyom daga Afirka, ana nuna wa Nijar yatsa. A watan Maris, Muhammad El-Baradei, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta duniya, ya shaida wa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya cewa takardun da aka dogara da su na jabu ne. Duk da haka aka afka wa Iraƙi, aka yi ta lalube, ba a samu makamin ba. Rayukan da suka salwanta kuwa, sai dai addu'a.

Hanyar lalama ba tatsuniya ba ce, an gwada ta a Zariya. A 2018 aka sauya wa na'urar binciken nukiliya ta Jami'ar Ahmadu Bello makamashi, aka mayar wa China yuraniyom mai ƙarfi, irin wanda za a iya haɗa bam da shi. Afirka ta Kudu ma da kanta ta wargaza bama-bamanta 6.

Inda gizo ke saƙar shi ne alƙawari. Gaddafi na Libiya ya ajiye shirinsa na nukiliya a 2003, a 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kifar da shi. Iran ta amince da yarjejeniyar nukiliya ta 2015, Amurka ta fice a 2018. Koriya ta Arewa, wadda ta yi gwajinta tun 2006, tana kallon duk wannan. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa, kuma ita ruwan da ta shafa shi ne ƙarin makamai.