Mai Yankan Taya

Kafin mota ta iso ƙasar Zamfara, guga aikin baduku ne: da fata yake ɗinka wasaki, da fata yake yanka takalmi. Yau in ka leƙa rijiya a Jangeru, abin da za ka ga yana sauka a bakin igiya baƙin guga ne da aka yanko daga tsohon tiyub ɗin babbar mota. Mai yin sa ba shi da sunan gado irin na maƙeri ko majemi. Mai yankan taya kawai ake ce masa, kuma babban cinikinsa sai ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi.

Kayan aikinsa ba su cika buhu ba: wuƙa, dutsen wasa wuƙa, basilla, guduma, ƙananan ƙusoshi da gwangwanin ruwa. Ruwan nan kada ka raina shi. Busasshiyar wuƙa cijewa take a cikin roba, don haka sai ya tsoma ta, ya take taya da ƙafa, ya ja gefenta da hannun hagu har tsagar ta buɗe baki, wuƙar tana bi a hankali. Mai sayen takalmi, galibi manomi ko makiyayi, ɗora ƙafa yake a kan fallen roba a zagaye ta da alli. In ya tsaya taya-taya, amsar ba ta canzawa: "Baba, wannan sai dai ka gaji da shi, ko ƙayar aduwa ba ta huda shi." Kuma ba zuƙi ba ne. Siraran yanka su zama igiyar ɗaure kaya a bayan babur, babbar taya kuma a tsaga ta biyu, awaki su samu wurin shan ruwa.

Sai dai tayar da ta raya sana'ar tana ƙarewa. Ta da, mai zare ce, wuƙa na cin ta daga baki har gadon baya. Ta yanzu mai waya ce, irin wadda kamfanin Michelin na Faransa ya fito da ita a 1946 ta mamaye duniya, kuma ƙarfen da ke shimfiɗe a cikinta dakusar da wuƙa yake nan take. Gefe kaɗai mai yanka zai ɗiba, ya tura saura bayan rumfa. Ƙananan motoci kuma sun daina amfani da tiyub. Ga yawa: tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi shi a Legas a 2008, sai 'yar Beljiyam ta cika kasuwa, tayar da ta riga ta ci rabin ranta a Turai kafin mai faci na Ƙaura Namoda ya gan ta.

Wadda aka yar ba ta ruɓewa. Da damina takan riƙe ruwa a cikinta ko ta wane gefe ka kwantar da ita, sauro ya yi gida. Wani sauro ma ɗan Asiya, mai zane-zanen fari da baƙi, cinikin tsofaffin tayoyi ne ya yaɗa shi a duniya, an kuma same shi a jihar Delta tun 1991.

Amma a ganina wuta ta fi sauro ɓarna. Mahauta na babbaka kai da ƙafa da taya saboda ta fi itace araha, samari kuma na ƙona ta don su zare wayar. Je ka dubi wurin bayan wuta ta mutu: baƙar toka mai maiƙo, ƙasa ta ƙone, ciyawa ba ta saurin komawa. A cikin tokar akwai tutiya, wadda ake zubawa a roba tun a masana'anta, da sauran guba na hayaƙi. Ruwan farko ya wanke su zuwa kududdufi da fadama, inda ake shayar da dabbobi ake noman rani, abin da ya tsallake kuma ya bi Bunsuru da Gagare zuwa gulbin Rima, har madatsar Goronyo.

Mai yankan taya ya san duk wannan ba tare da ya karanta ba, don hayaƙin a hancinsa yake sauka. Amma tarin da ke bayan rumfarsa ba wanda ke taya masa ko sisi muddin roba na jikinsa. Ɗan gwangwan kuwa yana nan da sikelinsa, waya yake saye, kilo-kilo, kuma ba ya tambayar yadda aka raba ta da roba.