Tsarin Ajiyar Cokula da Ƙananan Kayan Girki a Ƙaramar Madafa

Garin Matameye, wanda shi ne babban garin gundumar Kance a jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, yana kan hanyar da ta taso daga Takieta ta bi ta Ɗan Barto ta shiga Nijeriya zuwa Daura da Kano, kuma wannan matsayi ya sa kayan masana'anta suna isa gidajensa cikin sauƙi, suna haɗuwa da na gargajiya a madafa guda. Madafar kuwa a yawancin gidaje ƙaramin ɗaki ne ko rumfa a gefen tsakar gida, inda ake tarar da cokulan ƙarfe da na roba tare da ludayin duma, da muciya, da mara, da wuƙar maƙera, duk a wurin da murhu da tukwane suka riga suka cinye rabinsa.

Aljihun cokula, wato durowar da ake jawowa daga jikin kabad ko tebur wadda aka rarraba cikinta gida-gida, ya samo asali ne daga al'adar cin abinci ta Turai, inda kowane mutum yake amfani da wuƙa da cokali da cokali mai yatsu masu kusan tsawo ɗaya. A shekarar 1926 wata masaniyar zanen gine-gine ƴar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt a Jamus madafa mai faɗin mita 1.9 da tsawon mita 3.4, bisa ƙa'idar cewa kowane abu ya zauna kusa da inda ake aiki da shi domin a rage wa mai girki kai da komo. Ƙa'idar tana aiki a ko'ina, amma kayan Bahaushiya sun bambanta da na Bajamushiya, domin tuwo da hannu aka fi cin sa, fura da koko da ludayi ake shan su, muciya kuma, wato sandar tuƙa tuwo, ta fi yawancin durowa tsawo.

Saboda haka tsari yana farawa ne da tantancewa, inda ake raba kayan kashi uku: na kullum, da na taro irin su biki da suna da salla, da waɗanda suka lanƙwashe ko suka karye. Na kullum ne kaɗai suka cancanci zama a madafa. Na taro, waɗanda galibi suna cikin kayan da amarya ta zo da su, sun fi dacewa da jere, wato kwanuka da samira da ake shiryawa a ɗakin mace, a zuba su cikin kwano mai murfi, na ukun kuma a fitar da su gaba ɗaya.

Bayan haka sai a duba abin da aka yi kowane kaya da shi, domin a nan ne aka fi yin kuskure. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake danganta samuwarsa da Harry Brearley na birnin Sheffield a Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, kuma wannan sinadari ne yake yi masa wata siririyar kariya daga danshi, shi ya sa cokulansa suke jure zaman rufaffiyar durowa. Wuƙar da maƙeri ya ƙera da baƙin ƙarfe ba ta da wannan kariya, sai an goge ta ta bushe sarai an ɗan shafa mata mai. Duma da itace kuwa suna shan ruwa, idan aka rufe su da laima sai su yi hunhuna su canza wari, don haka ludayi, da mara da ake kwashe tuwo da ita, da maburgi da ake burga miya da shi, wurinsu sarari ne, a rataye a ƙusa ko a kife cikin ƙwarya bisa ragaya, wato igiyar da ake saƙawa a rataya kaya domin ɓera da gara su rasa hanya.

Cikin durowar, kafinta zai iya raba ta gida uku ko huɗu da siraran katako. Manyan cokula suna zama a gaba, kawunansu na fuskantar gefe ɗaya domin su shige cikin juna su rage cin wuri, ƙananan cokulan shayi su bi su, wuƙaƙe kuma su koma can ciki, kowace da kubenta, a durowar da hannun ƙaramin yaro ba ya kaiwa. Ya kamata wuƙar ɗanyen nama da kifi ta sami gida nata dabam, domin raba ɗanyen abinci da dafaffe, tare da kayan aikinsu, yana cikin ƙa'idoji biyar na tsaftar abinci da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2001. Ashana, da kuɗi, da ƙwayoyin magani, balle maganin ɓera ko na ƙwari, ba su da wuri a cikin durowar.

Yanayin yankin ma yana da nasa hukunci. Da hunturu ƙura tana shiga duk abin da aka bari a buɗe, da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, danshi da kyankyaso ne suke neman rufaffen wuri, saboda haka ana bukatar a zazzage durowar lokaci-lokaci a share ta, a bar ta ta sha iska. Gidan da ba shi da kabad zai iya bin wannan tsari da kwano mai murfi ko ƙaramin bokiti, muddin ba a sa cokali a ciki sai ya bushe, kuma yaran da ake bai wa wanke-wanke sun san gidan kowane abu, suna ƙirga cokulan kafin su mayar da su.