Yatsan Pierre-Paul: Wa ke da alhaki idan bayanan asibiti suka fita fili?

A ranar 4 ga watan Yulin 2015, yayin da Amurkawa ke bikin samun 'yancin kai, abin tartsatsin wuta na biki ya fashe a hannun Jason Pierre-Paul, ɗan wasan ƙungiyar New York Giants mai buga ƙwallon ƙafa irin na Amurka. An kwantar da shi a asibitin Jackson Memorial da ke Miami a jihar Florida, inda likitoci suka yanke masa yatsa manuni na hannun dama.

Bayan kwana huɗu, wakilin tashar wasanni ta ESPN, Adam Schefter, ya wallafa hoton takardar jinyarsa a shafin Twitter, inda yake da miliyoyin mabiya. A lokacin ɗan wasan bai sa hannu a kan tayin kwantiragin shekara guda na dala miliyan 14.8 ba, saboda haka lafiyar hannunsa magana ce da ta shafi abincinsa kai tsaye.

Alhaki na farko ya rataya ne a wuyan asibiti. Dokar tarayya ta HIPAA, wadda Amurka ta kafa a 1996, ta wajabta wa asibitoci da likitoci da kamfanonin inshorar lafiya tsare sirrin majinyata. A watan Fabrairun 2016 asibitin ya sanar da korar ma'aikata biyu da suka leƙa bayanan ba tare da izini ba. A 2019 kuma ma'aikatar lafiya ta ƙasar ta ci tarar hukumar asibitin fiye da dala miliyan biyu kan laifuffukan sakaci da bayanai da dama, ciki har da wannan.

Sai dai dokar tana da iyaka ta fuska biyu. Ba ta hau kan 'yan jarida ba, domin ba su ne aka damƙa wa amanar bayanan ba. Haka kuma ba ta bai wa majinyaci damar shigar da ƙara da kansa ba. Hukumomi ne ke hukunta wanda ya karya ta.

Wannan ne ya sa Pierre-Paul ya koma ga dokokin jihar Florida, ya maka ESPN da wakilinta a kotu a watan Fabrairun 2016 bisa zargin keta sirrinsa. Lauyoyinsa sun amince cewa raunin labari ne da jama'a ke da haƙƙin ji, amma suka ce takardar asibitin ba ta cikin wannan haƙƙi. Tashar kuwa ta kare kanta da 'yancin faɗar albarkacin baki da kundin tsarin mulki ya tanada, tana mai cewa hoton hujja ce kawai ta labarin gaskiya.

A watan Agustan 2016 mai shari'a Marcia Cooke ta kotun tarayya da ke Miami ta ƙi yin watsi da ƙarar keta sirrin. Ɓangarorin biyu sun sasanta a watan Fabrairun 2017 ba tare da bayyana sharuɗɗan ba. Ke nan babu hukuncin ƙarshe da ya ɗora wa tashar laifi, amma shari'ar ta nuna cewa kotu na iya bambance ba da labarin rauni da baje takardar likita a bainar jama'a.

A Najeriya ma akwai irin wannan kariya. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin sirri, sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana bayyana bayanan majinyaci sai da rubutaccen izininsa ko umarnin kotu da makamantansu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman. Ma'aikacin asibitin da ya ɗauki hoton fayil da wayarsa ya tura wa wani ya karya doka, ko da majinyacin shahararre ne.

Pierre-Paul ya koma fili a watan Nuwamban 2015, ya kuma lashe kofin Super Bowl da ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers a 2021.