Tsoffin Kuɗi A Ƙarƙashin Ƙasa: Abin Da Jibiya Za Ta Koya Daga Masu Na'urar Gano Ƙarfe

A ƙasar Ingila akwai mutanen da suka mai da neman ɓatattun kuɗi abin sha'awa. A ranakun hutu sukan bi gonaki da wuraren shaƙatawa ɗauke da wata na'ura mai kama da sanda, da faifai a ƙarshenta, wadda takan yi ƙara idan ta ratsa kan ƙarfen da ke binne. Yawanci ƙusa ko murfin kwalba suke tonowa, amma wani lokaci sa'a takan zo.

A shekarar 2010 wani mai suna Dave Crisp ya ci karo da tukunya a wata gona kusa da garin Frome, cike da kuɗin Rumawa guda 52,503. Abin da ya jawo masa yabo shi ne bai ciro tukunyar ba. Ya mai da ƙasa ya rufe, ya sanar da hukuma. Masana suka zo suka kwashe kuɗin daki-daki, suka gane yadda aka zuba su da zamanin da aka binne su. Bisa dokar ƙasar ta 1996 aka ƙiyasta dukiyar a kan fam 320,250, aka raba tsakaninsa da mai gonar.

Wannan labari ya shafi Jibiya fiye da yadda ake zato, domin garuruwa kaɗan ne kuɗi iri-iri suka ratsa kamar wannan gari na kan iyakar Nijeriya da Nijar, wanda ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi. Da fari da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, har ma kalmar "kuɗi" jam'in "wuri" ce. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Katsina da Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Turawan mulki suka hana shigo da wuri a 1904, sannan a 1907 suka fito da kwabo mai huji da anini, wanda goma ke yin kwabo ɗaya. Daga baya taro da sisi da sule suka cika kasuwanni, kafin naira da kwabo su maye gurbinsu ranar 1 ga Janairu, 1973. A tsallaken iyaka kuwa, kuɗin sefa ya fara aiki a 1945, kuma har yau mutanen Maraɗi da dala suke lissafi, wato sefa biyar.

A zamanin da babu banki kusa, ajiyar mai dukiya ita ce tukunya a ƙarƙashin ɗaki. Idan ya rasu bai faɗa wa kowa ba, shi ke nan sai ranar da garma ko mai haƙar tushen gini ya tono ta. Sai dai na'urar ba ta jin wuri, domin ba ƙarfe ba ne. Azurfa da tagulla da zinariya take nunawa.

A nan haɗarin yake. A yankinmu an fi sanin na'urar a hannun masu neman zinariya, musamman tun 2014 da aka yi tururuwa zuwa Jado a arewacin Nijar. Mai neman arziki ba ya tsayawa auna zurfin rami, kuma azurfar da ta shiga hannun maƙeri aka narkar da ita, tarihinta ya tafi ke nan har abada.

Jihar Katsina tana da misalin amfanin tono na ilmi. A Durɓi Ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani, an buɗe kusheyin sarakunan da a 1907, aka sake tono a 1992. A 2007 aka kai wasu kayayyakin birnin Mainz na Jamus domin gyara da bincike. Cikin abin da aka samu akwai wuri da duwatsun ado da kayan zinariya da tasar ƙarfe daga Gabas ta Tsakiya, shaida ke nan cewa ƙasar Katsina tana ciniki da ƙasashe masu nisa ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Da ɓarayi ne suka riga masana, da ba a san wannan ba.

Doka ba ta bar al'amarin haka kawai ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, ta hana tonon kayan tarihi ba tare da izni ba, ta hana fitar da su waje, ta kuma wajabta wa wanda ya tsinci irinsu ya sanar. Tun da Jibiya ƙofa ce, jami'an kwastan na Magama suna da babban nauyi a wuyansu. A fiƙihu ma an bambanta rikazi, wato binnanniyar dukiyar mutanen jahiliyya da ake fitar wa humusi, da tsintuwa wadda ake yi wa cigiya.

Saboda haka, duk wanda ya tono tukunyar tsoffin kuɗi, ya bar ta inda take, kada ya wanke ko ya goge, ya shaida wa mai unguwa ko hakimi, su kuma su sanar da gidan tarihi na Katsina. Ɗalibai kuwa suna iya farawa daga gida: su tambayi kakanninsu aninai da sulallan da suka rage a cikin adaka, su rubuta inda aka samo su da abin da ake saye da su a wancan zamani.