Nawar Tashin Injin Tsohuwar Mota: Yadda Kanikawan Haɗeja ke Gano Matsalar

Nawar tashin inji iri biyu ce, kuma da kunne bakanike ke rarrabe su. A ɗauki misalin Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Idan aka murɗa makulli injin ya juya da ƙyar, akan zargi batir, ko tsatsar kawunansa, ko kik. Sanyin hunturu kan tsananta wannan, domin yana raunana batir, yana kuma sa baƙin mai kauri. Idan kuwa injin yana juyawa sosai amma bai kama ba, sai a duba fulogi da kafireta, musamman da damina, lokacin da danshin fadamar Haɗeja ke shiga wayoyin wuta. Wanda ya kasa bambance alamomin biyu yakan sayi sabon batir a banza.